Injin Ɗangoma da Kontar Wuta

A wani ƙauye kusa da Bonkuku akwai mai injin niƙa da ake kira Ɗangoma. Mutum ne dogo, mai sanyin murya, gashin girarsa kullum fari da garin hatsi. Tun yana saurayi ya sayi inji mai shan man gazuwal a Filinge, kuma tun ranar babu macen da ta kawo niƙa ya mayar da ita. Bakinsa bai iya a'a ba. In ya ɗauko ta, kafin ta iso leɓe ta zama "to, ajiye nan."

Da aka kafa farantai masu kama hasken rana a bayan gari, Ɗangoma ya sayar da tsohon injin ya sa na wuta. Masu aikin suka liƙa masa kontar a bango, ɗan akwatin da ke auna wuta yana kai rahoto ofishinsu ta layin waya. Ma'aikaciyarsu, Balkisa, ta yi masa bayani. Da rana tsaka wuta ta yi yawa, ya niƙa son ransa. Da la'asar sakaliya kuwa wutar da aka tara a batir ake ci, kuma shi ke riƙe da firijin allurai na likita. In ya tayar da inji lokacin, kontar za ta yanke, in abin ya yi yawa a cire shi daga layi.

"To," in ji Ɗangoma.

Matan ƙauyen kuwa da la'asar suka saba zuwa, in rana ta yi sanyi, a niƙa, a yi hira. Suka zo kamar kullum, ya ce to, kontar ta yanke. Washegari ma haka. Saƙo ya shigo wayarsa cewa saura kaɗan a cire shi.

Matarsa Tanne ce ta tsaya a ƙofa tana sanar da kowa sabon lokaci. Aka yi gunaguni, aka zagi akwatin har kakanninsa, sannan a hankali aka koma zuwa da rana, kowa da ƙwarya a ka da zane a kan ƙwaryar.

Sai Hajara, taubashiyarsa. Wata la'asar ta dire masa ƙwaryar hatsi, baƙi sun sauka mata daga Baleyara.

"Kai, bawana, tashi ka niƙa."

"Hajara, ba ni na ba, akwatin ga na."

"Akwati? Gemu hal ƙirji, akwati ka ba ka oda? Mi za ni ba baƙi, iska?"

Ɗangoma ya dubi injin, ya dubi ƴar fitilar kontar. Ya tuna firijin likita. Hannunsa ya kai wajen makunni ya dawo.

"To," ya ce, "ajiye nan."

Ya shiga gida ya mirgino turmin Tanne har ƙofar shago. Ya naɗe hannun riga ya kama taɓarya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Hatsi na tsalle waje, kaji na godiya. Hajara ta zauna a kan buhu tana gyara masa tsayuwa.

Tanne ta bar shi ya yi gumi sosai, har masu wucewa suka taru, kafin ta ɗauko taɓarya ta biyu.

"Matsa, Malam, ka ƙare muna hatsin mutane."

Baƙin Baleyara sun ci tuwo mai ɗan tsaki-tsaki a ranar. Injin Ɗangoma na nan a kan layi.