Mudu Goma Da Na Auna Wa Nafi'u

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai cika alkawari, Wanda ajalin kowane rai yake hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga amintaccen Manzonsa, da iyalansa da sahabbansa.

Kakar bana ce ta bakwai da muka kai Nafi'u makwancinsa, a maƙabartar da ke gabas da gonakinmu a ƙasar Tsanyawa. Ɗan ƙanena ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ya tashi a hannuna. A zaurena ya sauke Alƙur'ani, ni na ɗora masa fiƙihu, kafin boko ta kai shi jami'a inda ya karanta aikin hanya da gada.

Da ya gama, shekara biyu ya yi yana neman aiki, yana taya mu kai taki gona. Sai soja suka buɗe ƙofa ga masu digiri. Sharaɗinsu a fili yake: za a horar da kai, a liƙa maka anini a kafaɗa, kai kuma ka sa hannu cewa ba za ka tuɓe kaki ba sai ka cika wasu shekaru ƙidayayyu. Ya karanta mini takardar, ya fassara ta layi-layi. Mahaifiyarsa Hajara ta ba da izini a gabana. Ni kuwa na ce masa alkawari ne, wanda ya ɗauka ya cika. Maganar ba ta yi mini nauyi a baki ba, domin a lokacin ba mu san abin da ke tafe ba.

Sannan shekarun wuya suka shigo. Arewa maso gabas ta kama da wuta, aka tura shi can tare da masu gyara gadojin da aka fasa. Sai a yi wata biyu wayarsa ba ta shiga. A ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, jakar ɗanta soja kawai aka kawo wa wata tsohuwa, aka ce ta yi haƙuri. Tun daga ranar Hajara ta daina cin tuwo sai an matsa mata.

Saura masa shekara biyu wa'adin ya cika, aka ba shi hutun mako biyu bayan girbi. Kafin ya iso, Hajara ta sa aka kira ni cikin gida. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce wani ɗan'uwanta a birni ya samo takardar likita da za ta nuna ƙirjinsa ba lafiya, don a sallame shi. Abu guda ya hana ta sakewa: ranar da aka yaye su ya rantse da Alƙur'ani, tana tsoron kada Alƙur'anin ya ci shi.

"Malam, kai ne ka san littafi," in ji ta. "Ka warware wa yaron nan rantsuwar." Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a karatu ba. Na san amsar tun kafin in buɗe littafi, amma kwana uku na yi ina neman wata. Na tsaya a babin kaffara, inda aka ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, yana iya karya ta ya ciyar da miskinai goma. Na ɗauki abin da nake so, na kawar da kai daga sauran. Na sa aka buɗe rumbu, aka sussuke gero, na auna mudu goma da hannuna. Da mudun kasuwa ma na auna, wanda ya fi na shari'a girma, kamar yawan geron zai rufe raunin hujjar.

Ranar kasuwa Nafi'u ya sauka. Bayan la'asar ya shigo zaure, ya ga ƙwarya goma jere a jikin bango.

"Baba Malam, haihuwa aka yi ba a gaya mini ba?"

Na zaunar da shi, na yi masa bayani cikin tsari, da Larabcin da fassarar. Ya saurara har na kai aya, sannan ya yi dariya.

"Ashe mudu goma ne nauyina! Ni da nake zaton ko ba komai zan kai dami."

Da dariyar ta wuce, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a kan buzun nan ka koya mini cewa kaffara tana goge abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba ta goge haƙƙin mutane. Akwai mutanen da ke ƙarƙashina, ni na ce musu zan dawo. Mun bar gada rabi, garin da ke tsallake kuma ba su da wata hanyar asibiti. Ƙirjina kuwa lafiya lau. Takardar ƙaryar a wane babi take?"

Na ce, "Haƙƙin mahaifiyarka fa?"

"Da izininta na sa hannu, kai ne shaida." Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka ɗauka ba na jin tsoro. Kullum ina ji. Kwanakin da suka rage ma na san adadinsu. Ranar da suka cika, wallahi ba zan ƙara yini ba. Amma sai sun cika."

 Na tambaye shi yadda za a yi da geron. Ya ce a raba wa mabuƙata, a roƙa wa mutanensa tsari, amma kada a kira shi kaffara.

Kwana biyu Hajara ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ranar tafiya ta fito da ƙullin yaji da ƙuliƙuli, ta miƙa masa tana kallon ƙasa, ta ce Allah Ya kai, Allah Ya dawo da shi.

Allah kuwa Ya dawo da shi. Ya cika wa'adinsa daidai, yana kyaftin. An nemi ya ƙara, ya ƙi. Ya noma damina guda tare da mu, ya tara samari aikin gayya suka gina kwalbatin da har yau motocin kasuwa ke bi. Bayan an ɗaure dawa zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi, ya cika a ɗakin mahaifiyarsa, da hantsi, kansa a kan cinyarta.

Ranar uku na shiga yi mata gaisuwa. Ta ce, "Malam, ashe a ɗakina aka rubuta. Da mun sa shi ya yi ƙarya, da a nan ɗin dai za a same shi, da ƙaryar a wuyansa."

Yau samari masu digiri suna zuwa neman addu'a kafin jarrabawar soja, don aiki ya yi wuya kuma gonakinmu sun tsuke. Idonsu na kan aninin, kaɗan ne suka karanta layin da shekarun suke. Nakan tambayi kaina me Nafi'u zai ce musu. Ba na jin zai hana su, kuma ba zai kira mai tsoro rago ba. Zai ce su ƙirga shekarun tun alƙalami bai taɓa takarda ba, su gaya wa iyayensu mata gaskiyar adadin. Zai kuma tuna wa masu karɓar sa hannun cewa alkawari mutum biyu ke riƙe da shi, kuma iyalin wanda bai dawo ba suna cikinsa.

Bai bar ɗa ba, bai bar gini ba sai kwalbatin nan. Ni kuwa duk kaka ina auna mudu goma in rabar. Masu karɓa sukan tambaya ko kaffara ce, in ce musu sadaka ce, kamar yadda ya yi umarni. Abin da ba na gaya musu shi ne, in akwai mai buƙatar yafiya a cikin lamarin, malamin ne da ya so lanƙwasa littafi, har ɗalibinsa ya miƙe masa shi.

Allah Ya jiƙan Nafi'u, Ya haskaka kabarinsa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare naka da ke nesa, Ya sanya albarka a gidanka, Ya ba ka 'ya'yan da za su gyara maka idan ka karkace. Amin.