Goron Baba a cikin Kaka

Likita ya zura wa Kaka siririyar waya mai haske ta baki, sai ga cikinta a talabijin. Ciwon cikinta ya kawo mu daga Gangare, ni da ita da Baba, kuma an hana ta cin komai kafin gwajin.

Da safe goron Baba ya ɓace, ya ce ni na ɗauka. Kunya ta hana ni musu.

Likita ya nuna wasu jajayen gutsattsari. "Hajiya, wannan ba goro ba ne?"

Da aka zare wayar, Kaka ta harare shi. "Ɗan nan, ciwo na ce ka duba, ba gulma ba."

Baba ya kasa kallona. Ku faɗa mini, wa zai ba ni haƙuri, shi ko ita?