Kwaɓi Mai Taushi na Hosea Venning

Da sunan Allah Mai rahama, Wanda Ya shimfiɗa teku Ya yanka mata iyaka, Ya raba wa bayinSa sana'o'i kamar yadda Ya raba musu harsuna. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa da sauran annabawa baki ɗaya. Bayan haka, wannan jinjina ce ga wani dattijo maƙwabcinmu da ya ajiye cokalin gini a bana, bayan shekara hamsin da biyar yana riƙe da shi.

Duk wanda ya saba fitowa sallar asuba a arewacin birnin Charleston da ke bakin teku ya san tsohuwar a-kori-kurar nan mai launin ganye da ke tsaye a ƙofar gidan Hosea Venning. Kafin mu idar da salla ya riga ya tashi. Abin da yake fara dubawa shi ne takardar lokutan cikar teku da ya liƙa a jikin ƙofar kicin, domin a garin nan wanda bai san sa'ar da ruwa zai ciko ba, a tsakiyar titi motarsa za ta mutu. Daga nan sai ya zaga bayan gida, inda ya jera ganguna goma sha ɗaya. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya zura sanda ya motsa farin abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ya ɗebo kaɗan ya murza a yatsa. Ɓawon kawa ne, waccan dabbar ruwa mai ɓawo biyu, aka ƙona shi aka jiƙa, ya zama farar ƙasar gini. Da ita da yashi yake yin kwaɓin da ake ɗora tubali a kai. Siminti kuwa bai taɓa shiga motarsa ba.

Sai ya koma ciki, matarsa Vermell ta ajiye masa tsakin masara da jatan lande, su buɗe muhawarar da suka shekara arba'in ba su rufe ba.

"Hosea, gangunan nan naka sun cinye mini wurin kuɓewa."

"Mis Vermell, kuɓewa wata uku take yi ta mutu. Wannan kuwa sai ta shekara biyu kafin ta fara hankali."

"To yau da rana ita za ka ci da shinkafa."

Baƙi suna zuwa garin nan daga ko'ina, su hau keken doki a zaga da su tsofaffin unguwanni, a nuna musu gidajen da suka haura shekara ɗari biyu, a faɗi sunan attajirin da ya mallaki kowanne. Sunan wanda ya hana su rushewa ba ya cikin abin da ake faɗa. Masu gidajen titin Tradd sun san adadin bututun hayaƙin da Hosea ya miƙar bayan sun karkace, kuma tsofaffin majami'u uku suna tsaye a kan matakalan da ya sake ɗaurewa. Mu ma muna da shaida. Lokacin da damshi ya kama bangon ɗan masallacinmu, wanda asalinsa tsohon kanti ne, shi aka kira. Mutumin coci ne, mai riƙo da addininsa, amma babu wanda ya ce masa ya cire takalmi, da kansa ya cire. Kwana tara ya yi yana aikin, kuma duk sa'ad da ladan ya ɗaga murya sai gudumarsa ta yi shiru har a sallame.

Kai ne maginin da ya san haƙƙin wuri kafin ya taɓa bangonsa.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ƙarshe. A bakin fadamar kogin Ashley akwai wata tsohuwar maƙabarta ta wata ƙungiyar baƙaƙen fata, wadda kakanninsu suka kafa don kada ɗayansu ya mutu a rasa mai suturta shi. Katangar jan tubali ta raba ta da titi. A kakar bara guguwar teku ta haɗu da cikar ruwa, katangar ta yi ciki ta rinjayo wajen titi, tsawon taku arba'in. Hukuma ta aiko injiniya, wata mata mai suna Corinne Bascombe. Ta auna, ta rubuta abin da idonta ya gani: in ranar ɗaya ga Yuni ta zo, farkon lokacin guguwa, katangar ba ta tsaya daidai ba, za a rushe ta a zuba ta kankare. Ta kankare kuwa tana bukatar tushe mai faɗi, wanda zai ci taku biyu zuwa ciki. Ma'anar haka a tone sahun farko na kaburbura, a kwashe mutanen ciki a sake musu wuri.

Mahaifiyar Hosea, Mama Tena, tana cikin wannan sahu. Taku ɗaya ne tsakaninta da katangar, an kewaye kabarinta da fararen ɓawon teku kamar yadda mutanensu suke yi.

Hosea yana da shekara saba'in da huɗu, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma ya riga ya yi wa Vermell alkawarin hutawa. Ita ce da kanta ta ɗauko masa takalman aiki ta ajiye a gabansa.

"Ka gama wannan tukuna," in ji ta. "Tsohuwar nan ba ta son a tashe ta ko da tana raye."

Wata bakwai ya yi a jikin katangar. Da hannu ya sauke ta, tubali ɗaya ɗaya, yana rubuta wa kowanne lamba da alli don ya koma inda ya fito. A nan ya ga asalin ciwon. Shekaru da yawa da suka wuce wasu bayin Allah masu kyakkyawar niyya sun ga tsohon kwaɓin yana zuba, suka cike gurbinsa da siminti, a ganinsu sun ƙara mata ƙarfi. Ranakun Asabar matan ƙungiyar da mazan unguwa, har da na masallacinmu, mukan zauna a kan bokitai muna kankare tubalan. Abokinsa na ƙuruciya, Clement Gaillard, masunci, wanda shi ke kawo masa ɓawon kawa tun suna samari, yakan zo ya jingina da mota ya taimaka da baki.

"Tsoho, da wannan saurin naka, kafin ka gama kai ma an ba ka wuri a sahu na biyu."

"Ko an ba ni, Clem, kai ba za ka samu ba. Warin kifinka zai hana jama'a barci."

A jikin wasu tubalan akwai ramuka ƙanana, uku ko huɗu a jere. Sawun yatsun bayin zamanin bauta da suka yi su ne, waɗanda suka juya su a rana tun laka tana ɗanya. Magina na farko sun mayar da wannan fuska ciki, saboda a wurinsu aibi ne. Hosea in ya samu irinsa sai ya tsaya ya share shi da goga, ya cire hula, sa'an nan ya ɗora shi fuskar tana kallon titi. Guda sittin da uku ya samu. Babu littafin da ya ajiye sunayen masu yatsun, amma Wanda Ya halicci yatsun bai manta da ko ɗaya ba.

Injiniya ta dawo a tsakiyar watan Mayu, jama'a suka taru. Katangar ta miƙe, sabon kwaɓi fari tas tsakanin jan tubali. Ta saki igiyar awo a wurare shida, ta gyaɗa kai. Sai ta zaro makullin mota ta karta kwaɓin. Gari ya zubo a kan takalminta.

Wata tsohuwa ta kama hannun Vermell.

"Mista Venning," in ji injiniya, "wannan ai da farce ma sai in tone shi."

"Na gaya maka miyar kawa kake dafawa," in ji Clem, amma muryarsa ba ta fita da ƙarfi ba.

Hosea bai yi gardama ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, taka mu je ƙarshen can." A kusurwar katangar ya bar wani ɗan yanki, bai fi kamu biyu ba, yadda masu siminti suka bar shi. "Karta nan."

Ta karta. Makulli ya zame, ko alama bai yi ba.

"Ƙarfi kamar ƙarfe, ko ba haka ba? To taɓa tubalin da ke kusa da shi."

Ta taɓa. Tubalin a jiƙe yake, fuskarsa ta rarake, jan gari ya biyo yatsanta. Ya mayar da ita wajen sabon aikin ta ɗora tafi, ta ji shi a bushe, da ɗumin rana.

"Shekaranjiya ruwa ya hau titin nan har gwiwa, dukkansu ya jiƙa. Garin nan a kan fadama yake, ruwan gishiri dole ya shiga bango, babu mai hana shi. Magana ita ce ta ina zai fita. In kwaɓi ya fi tubali ƙarfi, ta tubali zai fita, ya cinye shi. In kwaɓi ya fi taushi, ta nan zai bi, shi ya ci wuyar. Kwaɓi ai don ya ƙare aka yi shi, bayan shekara hamsin wani ya zo ya sake. Tubalin nan fa, wa zai sake mana shi?"

Injiniya ta dubi yatsanta. Sa'an nan ta ce, "Na karanta wannan a makaranta, Mista Venning, ban ƙaryata ka ba. Amma ni zan sa hannu a takarda. In katangar nan ta faɗa wa mai wucewa, ni za a tambaya."

"Gaskiyarki. Ni ma ba zan so a sa hannu don ganin furfurata ba."

Wannan magana tata ta burge ni ƙwarai, domin mai tsoron amana ba abokin gābar mai kyautata aiki ba ne. Ta liƙa ƙananan alamomin awo guda goma a jikin katangar, ta ce za ta dawo bayan babbar cikar ruwa ta ƙarshen watan, wadda ta rage kwana goma sha biyu. In ko ɗaya ta gusa, hukuncin farko yana nan.

A kwanakin nan Hosea kullum yana can da safe, yana rufe sabon kwaɓin da jiƙaƙƙun buhuna don kada rana ta busar da shi da gaggawa. Ruwa ya ciko kamar yadda takarda ta faɗa, ya shafe titin, ya kwanta a gindin katangar rabin yini, ya janye. Kwana biyu bayan haka injiniya ta zo da tabaronta, ta bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna biye da ita kamar masu rakiyar amarya. A ta goma ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"Ko gashi ɗaya ba ta motsa ba."

Ta ɗora takardar a kan murfin a-kori-kura ta sa hannu, ta ƙara layi ɗaya da alƙalaminta: kada a sake sa siminti a jikin wannan katanga. Matan ƙungiya suka ɗauki waƙar yabon Ubangiji suna tafi, aka sauko da tukwanen jar shinkafa da soyayyen kifi. Clem ya zaga yana gaya wa kowa cewa ɓawonsa ne ya yi aikin, tsohon nan ɗorawa kawai ya yi. Injiniya ta ci faranti biyu, Vermell ta ƙulla mata na uku.

Ana cikin haka Hosea ya zame ya shiga cikin maƙabartar. Waɗanda ke kusa da ƙofa sun gan shi ya tsaya a kan Mama Tena, ya gyara wani ɓawo da ruwa ya gusar, suka ji ya ce, "Mama, ci gaba da barcinki. Babu mai ɗaga ki."

Hosea ɗan Tena, magini mai sanyin hannu, kai ne ka tsare wa matattu makwancinsu, ka juyo da yatsun waɗanda aka manta suka fuskanci rana. Malamanmu sun karantar da mu cewa alfarmar mutum ba ta ƙarewa da fitar ransa, kuma Allah Yana son aikin da aka kyautata ko babu mai kallo. Mun ji wannan a zaure, a wurinka muka gan shi da ido. Mun gode, mu da ke raye, kuma mun gode a madadin waɗanda ba su da bakin godiya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sassauta wa gwiwarka, Ya bar ka da Mis Vermell cikin lafiya, Ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa ga abin da Yake so.

Ku kuma masu karatu, babu garin da ba shi da tsohuwar katanga da tsohon da ya san sirrinta. Ku neme shi tun yana iya magana, ku zauna a kan bokiti kusa da shi ku koya. In kuma an ba ku amanar wani abu da ya girme ku, ku tambayi yadda aka yi shi kafin ku ce za ku ƙara masa ƙarfi.