Shayin Makori

Mama Nanjala tana sayar da dafaffen wake da masara a bakin tashar Dandora. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce 'yan sanda suka tafi da ƙaninta, ba su rubuta sunansa a littafin caji ofis ba, har yau shiru. Daga nan ta riƙe abu guda: wanda aka rubuta yana dawowa, wanda ba a rubuta ba kuwa sai Allah.

Da na dawo daga karatu, kwamiti na kafa don bin kadin waɗanda 'yan sanda ke kamawa. Ta zo taronmu sau biyu, ta tarar muna gardamar sunan ƙungiya, ta kaɗe zanenta ta fice.

Ranar da aka kama Makori ɗan acaɓa da hantsi, ni na fara isa caji ofis. Na zayyana wa ɗan sandan da ke zaune a bayan kanta abin da doka ta ce. Ya ce ba su da wani Makori. Na fi rabin awa ina bayani, yana sakace haƙori.

Sai ga Mama da fulas da kofi da burodi, mata shida a bayanta.

"Farfesa, matsa. Turancin naka ya fito da shi?"

Ta dire fulas ɗin gaban ɗan sandan. "Ɗana, shayin Makori na kawo."

"Mama, na ce ba ya nan."

"To, bari mu tambayi bango." Ta juya ta ƙwala kira. "Makori! Sukari nawa?"

Daga can ciki wata murya ta amsa, "Cokali uku, Mama!"

Matan suka bushe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ikon Allah! Wanda ba ya nan ma da kwaɗayinsa!"

Ɗan sandan ya ja tsaki, ya jawo littafin. Mama ba ta gusa ba sai da ya rubuta sunan, ya yago 'yar takarda ya sa lambar shigarwa, ya karanta da ƙarfi, matan suka maimaita, sannan aka miƙa wa Makori shayin a kofinta.

A hanya na ce ya kamata mu rubuta wannan dabara mu raba wa unguwanni.

"Dabara?" Ta tsaya cak. "Shekara sha ɗaya ina dafa shayi don a rubuta sunan mutum a littafin da aka ajiye domin haka, kai kuma abin ya burge ka?"

Washegari aka kai Makori kotu, alƙali ya sallame shi. Ya zo godiya har da durƙuso. Ko kallonsa ba ta yi ba, tana ta kwasar wake.

"Ina kofina?"