Rantsuwar Inna a Kan Burodin Yaya

Ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma 'yar zamanin da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Idan za ta ba shi tuwo, ni take miƙa wa kwanon ta ce in kai wa wancan. Idan ya durƙusa zai gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Haka muka tashi muka gani, har muna tsokanarsa cewa a kasuwa aka tsinto shi. Illar abin ba ta fito ba sai lokacin da ta yi fushi da shi na gaske, domin wadda ba ta kallonka tun kana cikin zanen goyo, da me za ka gane ranar da ta huce?

Gona ce ta haɗa su. Da Baba ya rasu aka raba gado, Yaya ya sami gonar bakin hanya, wadda Baba ya fi ji da ita. A lokacin gari yana ta matso mu daga wajen Bacirawa, dillalan filaye suna yawo a kan babur kamar masu neman ɓataccen akuya. Yaya ya sayar musu ba tare da ya shawarci kowa ba, ya tafi garin matarsa can gaba da Zakirai ya gina gidan burodi. Gashin farko da ya yi, ya ciko kwali ya kawo wa Inna yana murna. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Ka gaya masa, wallahi tallahi burodin nan ba zai shiga bakina ba." Ya ɗauki kayansa ya fita. Tun daga ranar idan ya zo gaisuwar sallah, daga soro yake juyawa.

Abin haushin kuma, Inna ba ta da abin so irin burodi da shayi. Da likita ya ce hawan jini ya kama ta, a rage mata zaman tunani, sai na riƙa tasowa daga Rijiyar Zaki inda nake koyarwa, ranar Asabar, in ɗauke ta a tsohuwar motata mu zaga garuruwa. Mun ga marina, mun ga maƙera, mun ga tsofaffin rijiyoyi da kowane mai gari yake rantsuwa tasa ba ta taɓa ƙafewa ba. Amma duk garin da muka shiga sai ta sa na nemo gidan burodinsa. Ba ta sayen na tasha. Sai an kai ta bakin tanderu, ta danna da babban yatsa, ta sansana, ta yanke hukunci: wannan sun cika yis, wancan rowar sukari. Ina ce mata da gwamnati ta san da ita da ta ba ta ofis. Gabas kaɗai ce ba ma yi. Da na doshi hanyar Gezawa sai ta ce ƙafarta na ciwo, mu koma gida.

Wata daminar, gero ya fara fitar da kai, matar Yaya ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tanderun ya tsage an gyara ya sake tsagewa, fulawa ta yi tsada, masu saro burodi sun koma wani wuri, shi kuma ya sa wa ransa bakin Inna ne yake binsa. Ya sami wani Alhaji da zai sayi gidan burodin ranar Asabar, daga nan zai bi abokansa haƙar zinare can cikin sahara. Ni kuwa na san mutum biyu daga ƙauyenmu da suka tafi haƙar nan, ɗaya labarin rasuwarsa kawai aka kawo. Ta ce ta yi kuka, iyayenta sun yi magana, ya ce in dai mahaifiyarsa ba ta ci abin hannunsa ba, zamansa a nan ba shi da amfani.

Ban iya ƙarya ba, fuskata ke tona ni. Da na isa gida ranar Asabar na ce wa Inna yau wani tafki za mu gani ta wajen Zakirai, sai ta daɗe tana kallona. Na tsaya jiran ciwon ƙafa. Ba ta ambace shi ba. Ta shiga ɗaki ta canja mayafi, ta fito da wanda take zuwa suna da shi, ta shiga bayan mota. A da gaba take zama.

Muka kama hanya. Gonaki sun rufe gefe da gefe, gero da dawa da gyaɗa, ba ka gama wuce wani ƙauye sai ka hango rumbunan wani. Hadari yana haɗuwa ta gabas, inda muka nufa. Ina leƙen ta a madubi, tana jan carbi, idonta a waje. Da muka wuce Gezawa na kasa haƙuri, na kwashe labarin duka na gaya mata, da tanderun, da Alhajin, da zinaren. Carbin bai tsaya ba. Sai da muka yi nisa sannan ta tambaye ni ina tafkin da na ce za mu gani.

Na ce, "Inna, mai sayen yana can yanzu haka."

Ta ce, "Tafki ka ce min, Auta."

Raina ya ɓaci, amma wa zan nuna wa? Akwai tafkin kuwa, na taɓa jin labarinsa, sai dai sai an sauka daga kwalta an bi burtali. Na karya kan mota na shiga. Ƙasar ta sha ruwa, tayoyin baya suna wulwulawa, karan dawa yana dukan gilashi. Muka isa. Ruwa ne shimfiɗe, bado ya rufe rabinsa, balbelu a kan wata ƙatuwar tsamiya, wasu mata suna wanki a can gefe. A wata ranar da na ce wurin ya yi kyau. Inna ta fito a hankali, ta sami gindin tsamiyar ta zauna, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta zo yini.

Waya tana ta kuka a aljihuna, matar Yaya ce. Na matsa gefe na ɗauka. Ta ce Alhajin ya iso da mutanensa, suna zagaya gidan, har an shimfiɗa tabarma. Na ce ta san yadda za ta ja su, ta kawo ruwa, ta kawo fura, ko ta ce akuya ta ɓalle. Na dawo na tsaya a kan Inna ina karkaɗa mukulli. Ban taɓa jin haushinta irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinta haka ba.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ba zancen gona ne ya dame ta yanzu ba, gona ta riga ta zama gidajen mutane. Sunan Allah ta kama. Ya za ta yi da sunan Allah? Na ce mata abin da kowane ɗalibin zaure ya sani, cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ta ce ta sani, malamin unguwa ya gaya mata tun bara. Na ce to me ya rage? Ta mayar da ido kan tafkin. A nan na gane abin da ya rage. Ba ta san yadda za ta ce masa ta huce ba, tunda ba ta taɓa ce masa komai ba.

Ɗigon ruwa ne ya tashe ta. Kafin mu koma kwalta an kece da ruwa, motar ta kafe a wani kwari, sai da wasu manoma da suka fake a bukka suka fito suka tura mu. Na jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Ina tuƙi ina lissafin zunuban motar nan, ina ce mata in ta kai mu yau na yafe mata sauran.

Gidan burodin yana ƙarshen garin, ginin bulo ne da rumfar kwano, an jibge itace a gefe an rufe da leda. Tun daga nesa ƙamshi ya tarye mu. Na hango wata mota mai kyau a ƙofa, da mutane a ƙarƙashin rumfa sun ɗaga hannu suna shafa fatiha. Na kashe mota. Matar Yaya ta leƙo daga ƙofar gida, muka haɗa ido, ta girgiza kai. Yaya ya riga ya ce ya sallama, a gaban shaidu, bakin alƙalami ya bushe.

Yaya ya gane motar. Ya taso, ya rame ƙwarai, fulawa a gashin hannunsa. Da ya ga wadda ke zaune a baya sai ya tsaya cak a cikin yayyafi. Daga nan ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa a cikin taɓo a bakin ƙofar motar, ya ce, "Inna, barka da zuwa. Kun zo lafiya?"

Ta kau da kai ta amsa wa ɗaya gilashin. To, ga inda muka tsaya. Haka ta yi masa ranar da ya sauke Alƙur'ani, haka ta yi masa ranar da ya kawo kwalin nan. Ni da na fito daga cikinta ban san wanne ne wannan ba, balle shi. Mutanen rumfa suka zuba ido. Alhajin, wani dattijo mai farin gemu, ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ruwa yana zuba a bayan Yaya, bai motsa ba, ita ma ba ta motsa ba. Na ga ya dafa ƙasa zai miƙe, na san kuwa in ya miƙe ya juya, shi ke nan.

Sai Inna ta ce, "Auta, ka tambaye shi, na yau ya fito?"

Ban tambaya ba, ai ya ji. Ya tashi da sauri har yana tuntuɓe, ya shiga ciki, ya fito da burodi guda ɗaya a cikin gwangwaninsa, ya rufe shi da gefen riga saboda ruwa. Gashin ƙarshe ne, na sallama da tanderun. Ya miƙa mini, na miƙa mata. Ta danna da babban yatsa, ya lotsa ya dawo. Ta sansana. Ta daɗe tana riƙe da shi a cinya, tururi yana tashi, ni kuwa numfashi ma a hankali nake yi. Ta gutsuri gefe, ta yi bisimilla a bayyane yadda kowa zai ji, ta sa a baki.

Inna ba ta da turame, burodi sai ta tsoma a shayi take iya ci. Nan kuwa ba shayi. Ta yi ta juya lomar nan a baki, mu duka muna kallon muƙamuƙinta, har ta haɗiye da ƙyar. Ta ƙara gutsura ta ci. Ta ce mini gishirin ya ɗan yi yawa, amma gashin ya yi.

Yaya ya koma ya durƙusa, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya sami magana sai ya ce mini, ni, kamar yadda muka saba, in gaya wa Inna ya riga ya sayar, ba shi da sauran komai a garin nan, kuma ya yi wa abokan tafiyarsa alkawari.

Inna ta ce, "Auta, ka ce masa..."

Na juya zan karɓi saƙon. Ta ɗaga mini hannu, ta ce in bari. Ta gyara mayafi, ta juyo gaba ɗaya, ta dubi Yaya a cikin ido. Na ga wuyar da abin ya yi mata, kamar mai ɗaga buhun da ya fi ƙarfinta.

Ta ce, "Kai nake wa magana. Na rasa gonar, na haƙura. Kai ba zan haƙura ba. Ina raye ba inda za ka."

Ya ɗago yana kallonta kamar bai san fuskar ba, kuma ina jin a kusa haka bai santa ba. Yana da furfura a gemu a lokacin. Ya ce, "To, Inna."

Cinikin bai warware ba, Alhajin ya riƙe gidansa, Yaya ya zauna yana yi masa gashi a tanderun da ya gina da gonar Baba. Washegari na auno gero aka raba wa mutum goma. Inna ta koma amsa wa bango kamar da, har ta koma ga Allah ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba. Na taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa. Ya ce a'a, waccan ɗayar ta ishe shi, har yanzu bai gama jin ta ba.