Garmahon da Baba Mai Agogo Ya Ji da Haƙori

Duk wanda ya san layin nan ya san Baba Mai Agogo. Shagonsa ɗan tsut ne, tsakanin mai aski da mai ɗaukar hoto, in mutum biyu suka shiga sai na ukun ya tsaya a bakin ƙofa. Tun yana saurayi yake zaune a kan kujerar nan, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tono cikin agogo. Da yayin agogon da ake wanawa da hannu ya ja baya ya koma gyaran rediyo, keken ɗinki, kwaɗo, kai, duk abin da ke da kusa a jikinsa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma cewa gobe alhali ya san jibi ne. Mutum ne mai taurin kai, wannan kam ko shi ba ya musu.

Sai kunne ya soma cin amanarsa. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Ya koyi kallon bakin mai magana, in bai gane ba ya yi murmushi ya ce, "Haka ne." Ranar da babur ya kusa kwashe shi a bakin titi, mai babur na ta oda shi ko a jikinsa, autarsa ta ce ta gaji. Malamar makaranta ce, kuma taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba.

"Baba, ka rufe shagon nan ka zauna a gida. Me ka rasa?"

"Aikina lafiya lau yake, Auta. Ranar da kunne ya hana ni gama aiki, da hannuna zan rufe."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ana cikin haka wata Hajiya, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta sa aka sauke masa wani akwatin katako a kan tebur. Garmaho ne, irin mai ƙaton ƙaho, na mahaifinta. Ta ce tun tana ƴar yarinya rabonta da jin muryar garmahon, ga faifai guda da ya rage na wata tsohuwar mawaƙiya, tana so ta ji shi kafin ta bi iyayenta.

Baba ya shafa murfin. Agogo ido yake so, kwaɗo kuma hannu. Wannan kuwa kunne yake so, kuma ya sani sarai. Amma bakinsa ya riga shi. Ya ce, "Bar shi, Hajiya, zai yi magana."

Kai, aikin nan abin kallo ne! Ya shimfiɗa farin ƙyalle, duk kusar da ya kwance sai ya ajiye ta kusa da wadda ta riga ta fita, daga hagu zuwa dama, don in ya zo mayarwa ya biyo layin da baya. Ya hana a share shagon. Mai aski ya leƙo zai ɗauki wata kusa ya gani, Baba ya make masa hannu kamar yaro. Giris ɗin ciki ya daskare ya zama kamar kwalta, ya jiƙa haƙoran injin a kananzir, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshi. Sifirin ɗin da ke juya faifai kuwa mugu ne, in ya kuɓuce sai ya tafi da yatsan mutum. Baba ya tura gwangwaninsa cikin buhu, ya zare shi a hankali da hannu biyu yana zufa, ya wanke, ya shafa sabon giris, ya nannaɗe ya mayar. Robar da ke riƙe da ɗan fallen da allura ke kaɗawa ta bushe ta farfashe, kuma babu inda ake sayar da irinta. Ya yanko siririyar robar bawul ɗin keke, ta zauna daram kamar don ita aka yi wurin. Abu guda ya gagara: alamar da ke nuna saurin juyawa ta goge. Sai dai a saurara a daidaita.

Ranar gwaji Hajiya ta zo. Auta ma ta biyo daga makaranta, da jakarta a kafaɗa. Baba ya wana hannun garmahon, faifai ya soma juyawa, ya sauke allura. Murya ta ɓarke daga ƙahon ta cika shagon, har mai hoto ya fito da gudu, masu wucewa suka ja birki.

Baba ya kalli faifan, ya girgiza kai.

"Har yanzu shiru. Ku yi haƙuri, bari in sake duba shi."

Auta ta dafe ƙirji. Ta san kunnen ya yi rauni, amma wallahi ba ta taɓa zaton ya kai nan ba. Baba ya ɗago ya ga fuskokinsu, ya ga jama'a a bakin ƙofa, nan take ya gane. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba a cikin shagonsa.

Hajiya ta matso, ta ɗaga murya. "Ya yi magana, Malam! Sai dai yana gudu. Matar nan babba ce, amma ta koma kamar ƴar goye."

Baba ya zaro fensir daga bayan kunne, ya cije gindinsa da ƴan haƙoran da suka rage masa, ya sunkuya ya dafa bakin fensirin a jikin katakon, ya rufe ido. Karkarwar katakon ta bi fensir ta shiga haƙori, ta haye cikin ƙashin kansa. Can nesa, siririya, ya ji ta. Yatsunsa suka lalubo ƴar kusar da ke rage gudu, ya murɗa kaɗan. Muryar ta yi nauyi da yawa, ya dawo da ita baya. Ya sake taɓawa kamar mai tsoron tada barci. Miyau na bin fensirin yana ɗiga a kan rigarsa, bai ko kula ba. Sai ya cire hannu.

Hajiya ta zauna a kan benci ba ta shirya ba. "Ita ce," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi ita ce. Haka take a ɗakin babanmu."

Da jama'a suka watse, Baba ya naɗe farin ƙyallen, babu ko kusa ɗaya da ta yi saura a kansa. Auta na tsaye a bayansa. A hankali ta ce, "Baba, daga gobe ni zan riƙa kawo ka da safe, in biyo in ɗauke ka. Titin ne kawai ban yarda da shi ba."

Bai ji ba. Ya juyo ya ga bakinta ya gama motsi, ya ga idonta jajir, sai ya ɗauka abin da yake tsoro ne ta faɗa. Bai yi gardama ba. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin shagon ya miƙa mata.

"Ga shi. Na yi alkawari."

Auta ta kama hannun da nata biyu, ta lanƙwasa yatsunsa a kan mabuɗin ta matse. Ta kai bakinta daf da kunnensa, ta kwarma ihun da har mai aski sai da ya tsayar da almakashi.

"Na ce gobe da safe ka shirya da wuri, Baba! Kada ka makarar da ni!"