Barmo Mai Rediyo da Shirun Amurka

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Maraɗi ta layin masu kayan wuta ya san rumfar Barmo, ko da bai san sunan mai ita ba. Ƴar rumfar kwano ce, matse tsakanin mai sayar da fitilu da wani tela. Ciki rediyoyi ne jibge har rufi, wasu ba marfi, wasu ba eriya, wasu masu su sun rasu ba wanda ya zo karɓa. Barmo kan zauna tsakiyarsu a kan tabarma, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa.

Ƙafar nan ce ta kawo shi birni. Ɗan garin Tsibiri ne, gidansu manoman hatsi ne kaka da kakanni. Yana ƙarami zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ƙafar ta shanye. Mahaifinsa ya duba ya ga wannan ba zai bi sahun ƴan'uwansa a gona ba, sai ya aza shi a jaki ya kawo shi Maraɗi wurin wani mai gyaran rediyo. A nan ya girma, cikin warin dalma da ƙarar tashoshi. A nan kuma ya fara jin Muryar Amurka. Abin ya ɗaure masa kai. Ƙasa can bayan teku, wadda aka ce in muna rana su suna dare, amma ga mutum yana sallama da Hausa tiryan-tiryan kamar ɗan Katsina.

Da ya buɗe tasa rumfar, sai ta zama majalisa. In an yi la'asar a shimfiɗa tabarmi, a aza shayi, a ɗora babbar rediyo kan akwati. Mutanen da ba su taɓa wuce Yamai ba su yi ta gardama kan wanda zai ci zaɓe a Amurka, har a ɓata, a kwana biyu ba gaisuwa. Daga baya suka mai da majalisar ƙungiyar masu sauraro, suka naɗa Barmo shugaba don rumfarsa ce. Sukan aika gaisuwa Muryar Amurka. Wata rana aka karanta sunansa, aka ce Barmo mai rediyo daga Maraɗi yana gaida abokansa. Ranar har mahauta suka zo yi masa barka.

Ba wai son Amurka ya cika masa ciki ba. Shekarar da suka kai yaƙi ƙasar Larabawa ya zage su tas, rediyon na manne a kunnensa. Muryoyin ne ya saba da su. Ya san wanda ke jan numfashi kafin ya faɗi mugun labari, ya san wadda dariya ke saurin kubce mata. In ɗayansu ya yi mura, Barmo ne farkon ganewa.

Matarsa Tsahara, mai kwaɗon zogale ce a ƙofar gida, ba ta taɓa barin ya sha iska a kan wannan ba.

"Malam, mutanen nan naka ko goro ba su taɓa aiko ma ba," in ji ta, tana tsinke ganye.

"Labarin duniya da suke kawo mini har ɗaka hwa?"

"To a zuba shi a tukunya mu gani in ya dahu."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma in ya makara a masallaci da asuba, yakan tarar ta kunna masa, ta riƙe masa kanun labarai.

Zogalen da take kwaɗawa daga Jiratawa yake zuwa, daga gonar rani ta wani manomi mai suna Maman Lawali, wanda ke kawo buhu a keke ranar kasuwa. Ta haka suka san juna da Barmo. Maman Lawali ya zama ɗan majalisa, kuma babban abokin gardamarsa. Duk abin da Barmo ya ce fari ne, shi baƙi zai ce, sannan su ci tuwo kwano ɗaya.

Majalisar ba rana ɗaya ta watse ba. Salula ta shigo, kowa ya koma duba tafin hannunsa. Masu kawo gyara suka ragu, don sabuwar rediyo ƴar Sin ta fi gyaran tsohuwa sauƙi. Tsofaffin suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani mutuwa, wani ciwon ƙafa, wani ƴaƴansa sun hana shi fita. Maman Lawali ya bar wa ƙanensa kawo zogale. Tabarmin da ake shimfiɗawa suka koma guda, ita ma rabinta babu kowa.

Sannan wata damina Tsahara ta kwanta, ciwon da aka ɗauka na kwana biyu ne, ba ta tashi ba.

Ɗiyarsu guda ce ta rayu, Zuliha. Tana aure a Agadas, inda mijinta ke wanki da guga a sansanin sojan Amurka. Ta zo zaman makoki ta koma. Shekarar da gwamnati ta ce sojan su tattara su tafi, aikin mijin ya tafi tare da su, shi kuma ya bi motocin masu neman zinari ya nausa arewa. Zuliha ta zauna gidan surukai da ƴaƴa, ba halin zuwa. Barmo a rediyo ya fara jin labarin tashin sansanin, tun kafin ɗiyarsa ta kira shi tana kuka.

Daga nan gida ya zama shi da rediyo. Yakan dawo daga masallaci ya kunna, ya jiƙa gumba ya sha. In mai gabatarwa ya yi sallama, Barmo ya amsa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam," kamar wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa. Sau da yawa ita ce maganar farko da ke fita bakinsa a yini, wani lokaci har azahar ba ta biyu.

Cikin azumin da ya faɗo farkon zafi, wata safiya ya murɗa inda ya saba, sai ya ji kiɗa. Ya jira. Kiɗan ya ƙare, wani ya biyo. Ba sallama, ba labari. Ya ce ko allurar ce ta goce, ya matsa gaba kaɗan, ya dawo baya. Ya canza pil, wato batir. Ya ɗauko rediyon Tsahara da ke rataye a ƙusa tun rasuwarta, ya kakkaɓe ya kunna. Kiɗa ne dai.

Bai tsaya jiran ɗan kabu-kabun da ya saba ɗaukarsa a babur ba, ya tari wani ya nufi kasuwa. Ya buɗe rumfa ya shiga gwada rediyoyi, babba da ƙarama. Ya kwance bayan babbar ta majalisa ya bi wayoyinta da ido, alhali ya san ba abin da ya same ta. Tela maƙwabcinsa ya leƙo.

"Malam Barmo, lahiya? Tun ɗazu kake ta juye-juye."

"Mutanen nan ne ban ji ba."

"Waɗanne mutane?"

"Na Amurka. Ko juyin mulki anka yi musu?"

Tela ya yi dariya ya koma kan kekensa. Barmo bai yi dariya ba. Shi a saninsa, in gidan rediyo ya bar magana ya koma kiɗa, to soja sun shiga fada. Ya ga haka a ƙasarsa ba sau ɗaya ba.

Da rana ma kiɗa, da maraice haka. Kashegari ya rufe rumfa da hantsi ya tafi unguwar Zariya wurin Mushe Abdulrazak. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, shi ke rubuta wa ƙungiya gaisuwa a da, kafin ya samu aiki a wani foroje, wato shirin agaji, mai ciyar da yara masu tamowa. Barmo ya yi zaton sai ya jira shi ya taso daga biro, wato ofis, sai ya tarar da shi zaune a zaure sanye da ƴar shara.

Bayan sun gaisa Barmo ya faɗi abin da ya kawo shi. Mushe ya gyaɗa kai.

"Ba juyin mulki ba ne, Malam Barmo. Gwamnatinsu ce da kanta ta dakatar da gidan. An ce ma'aikata kowa ya zauna gida."

"Laihin mi sunka yi?"

"Sabbin masu mulki sun ce ɓarnar dukiya ce, su ta cikin gida za su ji da ita. Ka gan ni nan? Mu ma abin da ya same mu ke nan. Taimakon da ke riƙe da foroje daga can yake zuwa, an tsai da shi. Mun rufe. Mata na zuwa da yara a goye, mai gadi na mai da su."

Barmo ya ji kunyar abin da ya kawo shi, ga mutum ya rasa abinci, ga yara sun rasa magani, shi kuwa murya yake nema. Ya yi wa Mushe jaje. Amma da ya dafa bango zai tashi, bakinsa ya riga shi.

"To ko sallama ba su yi muna ba?"

"Wa ya ba su dama? Su ma da sahe sunka ji, kamar kowa."

Wannan ta tsaya masa a rai. A hanya ya yi ta tunanin mai jan numfashin nan, yanzu yana zaune a wani ɗaki cikin sanyin ƙasar mutane, ba wanda zai gaya wa labari.

Ya kwana uku yana kunnawa. Daga baya kiɗan ma ya ɗauke, sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Ya rasa wanda zai yi wa maganar ya gane nauyinta. Sai ya tuna Maman Lawali, ya shiga motar Jiratawa.

Ya same shi a gona, zaune bakin lambatun ban-ruwa yana jiran a sako ruwa, zogale kore shar a bayansa. Ya tsufa ƙwarai, kunnensa ya yi nauyi. Da ya ga Barmo na ɗingisowa ta kan kunya, ya tashi da ƙyar ya rungume shi.

"Gurgu! Ashe kana duniya?"

"Ina nan, kurma. Ka ji abin da ya hwaru? An ruhe Muryar Amurka."

"An ruhe mi?"

Sai da Barmo ya maimaita da ƙarfi. Maman Lawali ya taɓe baki.

"Ni rabona da rediyo tun kunnen nan ya tahi. Su ruhe mana. Da sunka yi ta magana shekara da shekaru, taki ya sauko?"

"Kai dai ba ka canzawa."

"Kai ne ba ka canzawa. Mutum ya biyo rana da azumi don Bature ya kashe rediyonshi!"

Barmo ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Ya kau da kai yana kallon ruwan da ya fara gangarowa. Maman Lawali ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya rage murya.

"Gidan ya yi ma girma ko? Tun tahiyar Tsahara."

Barmo ya gyaɗa kai kawai.

Ranar a Jiratawa ya sha ruwa, da kunu da ƙosai, cikin hayaniyar jikokin abokinsa. Maman Lawali ya ce ya dawo nan da zama, ga ɗaki a zaure. Barmo ya ce zai duba. Dukansu sun san ba zai zo ba, don mutum ba ya tsufa sannan ya koma cin tuwon gidan wani.

Bayan salla Zuliha ta kira ta ce ya taho Agadas. Ya ce sai bayan damina. Damina ta zo ta wuce bai tafi ba. Rabin rumfar ya bar wa wani mai cajin salula, ya tattara rediyoyinsa gefe guda. Da safe yakan kama wasu tashoshin, na Jamus, na Kaduna, na nan gida. Hausa ce su ma, labarin ma kusan ɗaya ne. Yana saurare, amma bai san kowa a cikinsu ba, kuma in sun yi sallama a zuci yake amsawa.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, wani Bafillatani dattijo ya durƙusa a bakin rumfar, ya kwance ƙyalle ya fito da rediyo wadda akuya ta tauna wa igiya. Barmo ya karɓa ya buɗe, ya hure ƙasar da ke ciki, ya liƙe wayar da ta tsinke. Ta kama. Dattijon ya ce a nuna masa wurin kowace tasha, don jikansa ya juya masa allura tun bara ya rikice. Barmo ya ɗauki ƙusa yana yi masa ɗan zane a jikin gilashin, yana faɗin sunan kowace.

"Ta Amurka fa?" in ji dattijon. "Na daɗe ina nema a daji ban samu ba. Na ce ko rediyon ce."

"Ba rediyonka ba ce, baffa. Sun daina."

"Sun daina? To, Allah ya kyauta."

Ya naɗe rediyonsa a ƙyalle ya rataya. Barmo ya so ya tsai da shi, ya tambaye shi tun yaushe yake saurare, wa ya fi so a cikinsu. Har ya ce, "Ka zauna a aza shayi mana." Amma dattijon ya ce motar garinsu na gab da tashi, ya yi godiya ya shige cikin taron kasuwa.

Barmo ya bi farin rawaninsa da kallo har ya ɓace a layin masu barkono. Can aka fara kiran salla a babban masallaci. Ya jawo sandarsa, ya ce wa mai caji ya duba masa rumfa, ya ɗauki buta.